Turbar Ƙauye Amanar Wa Ce?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya hore ta ga bayinsa, ya sanya hanyoyi a cikinta domin su kai ga bukatunsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, mas'alar da muke son mu duba a wannan fitowa ƙarama ce a ido, amma tana da nauyi a ma'auni. Ita ce wannan turba da mutane ke bi da ƙafa tsakanin birni da ƙauyen da ke kusa da shi: ta wa ce, kuma wa za a tambaya a kanta ranar gobe? Masallaci yana da liman da ladan, kasuwa tana da sarkinta, rijiya tana da wanda ya gina ta, gona tana da mai ita. Turba kuwa kowa yana bin ta, ba mai cewa tasa ce. To, abin da ba shi da mai shi a bayyane, shin ya zama ganima ga wanda hannunsa ya fara kaiwa, ko kuwa amana ce a wuyan kowa? Wannan ita ce tambayarmu.

Turba da masu bin ta

Mu ɗauki misali da abin da mutanen Maraɗi suka sani. Jiratawa tana kudu da birni, tazarar kamar kilomita 10, a gefen fadamar Gulbin Maraɗi. Akwai kwalta mai zuwa Ɗan Isa da iyakar Nijeriya, motoci da ƴan kabu-kabu suna kaiwa suna komowa a kanta. Amma ban da kwalta akwai ƙananan hanyoyi da suka ratsa gonaki da garake, suka haɗa wannan ƙauye da wancan, suka ɓulla bayan gari. Mai lafiya yana cinye irin wannan tazara cikin sa'a biyu. Haka abin yake a kewayen Damagaram da Tawa da Birnin Ƙonni da Tasawa: kowane birni yana da irin waɗannan jijiyoyi da ke kawo masa abinci daga karkara.

Wanda ya yi sammako zai ga masu bin su. Ga mata ɗauke da zogala da kayan miya za su kasuwa. Ga Bafulatana da ƙwaryar nono a ka. Ga ƴan lakwal da almajirai, ga tsoho da sandarsa za shi gaisuwar mutuwa, ga mai amalanke ɗauke da kara ko taki, ga makiyayi bayan bisashensa. Mafi yawansu mutane ne waɗanda kuɗin mota yake yi musu nauyi, ko kuwa inda za su mota ba ta zuwa can.

Turba tana sake kama tare da shekara. Da bazara rairayi yana ƙuna, matafiyi yana neman inuwar gawo, itacen da Allah ya sa yake zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, daidai lokacin da aka fi bukatar inuwarsa. Da damina hatsi yana tashi dama da hagu har ya shanye tsawon mutum, hanya ta koma kamar lungu. Da kaka ƙarangiya tana kama riga da ƙafa. A cikin waɗannan lokuta uku, damina ce lokacin da ake jarraba imanin mutane game da turba, kamar yadda bayani zai zo.

Wa ya gina ta?

Idan muka yi tunani za mu ga abin mamaki. Kwalta an san shekarar da aka yi ta, da kuɗin da aka kashe, da waɗanda suka yi aikin. Turba ba wanda ya auna ta, ba wanda aka biya. Mutum ɗaya ya wuce ya bar sawu, iska ta share. Na biyu ya bi, na uku ya bi, har ƙasa ta taurare, ciyawa ta janye, aka wayi gari hanya ta tabbata. Da yayyafi kogi kan cika. Waɗanda suka fara takawa sun riga mu gidan gaskiya, ba mu san sunayensu ba, amma su suka zaɓa mana inda za a kauce wa kwazazzabo, da inda za a ƙetare gulbi, da itacen da za a huta a ƙarƙashinsa.

Haka kuma idan aka bar bin ta, damina ɗaya ko biyu ta isa ciyawa da ƙaya su cinye ta. Ashe duk mai tafiya a kanta abu biyu yake yi a lokaci guda: yana amfana da aikin magabata, yana kuma ajiye hanya ga na baya, ko ya yi niyya ko bai yi ba. Daga nan muke fahimtar cewa turba gado ce da ba a raba ta. Kowa yana da haƙƙin wucewa a kanta gaba ɗaya, amma ba wanda yake da taƙi ɗaya da zai ce nasa ne shi kaɗai.

Hukuncin Shari'a

Wani zai ce: ai Shari'a ta yarda wanda ya raya matacciyar ƙasa ya mallake ta. Gaskiya ne, amma matacciyar ƙasa ita ce wadda haƙƙin kowa bai rataya a kanta ba. Hanyar da mutane ke bi rayayyiya ce, kuma tafiyarsu ita ce rayuwarta. Saboda haka malaman fiƙihu suka fitar da ita daga cikin abin da ake mallaka ta hanyar sassabe ko gini. Shehu Halilu a cikin Muhtasar, littafin da malamanmu na mazhabar Malikiyya suke dogara da shi wajen hukunci, ya tafi a kan cewa ginin da aka yi a cikin hanyar jama'a rushe shi ake yi, ko da ba a ga cutarwarsa ba. Dalili shi ne cutar da ba a gani yau za ta bayyana gobe, idan na biyu da na uku suka yi koyi da na farko.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi hukunci, idan mutane suka yi jayayya kan faɗin hanya, a sanya ta kamu 7, wato mita 3 da ƴan kai. Malamai sun yi bayani cewa wannan yana kan hanyar da ake son fitarwa sabuwa. Wadda aka tarar ta fi haka faɗi ba a rage ta. Sun kuma ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, cewa za a rataya masa shi a wuya ranar alƙiyama har ƙasa bakwai. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu (R.A.) cewa wanda ya canza alamar iyakar ƙasa yana cikin waɗanda aka la'anta.

Akwai kuma ƙissar da Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa. Wani sahabi, Dahhaku ɗan Halifa, ya so ya bi da magudanar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, mai gona ya ƙi. Sayyidina Umaru (R.A.) ya kira shi ya nuna masa cewa abin ba ya cutar da shi, shi ma zai sha ruwan, ya sake ƙi, sai Umaru ya ba da umurni aka bi da ita. Malamai sun yi saɓani kan ko alƙali zai tilasta irin wannan a kowane hali. Amma mu lura: wancan mutum gonarsa ce ta halal aka nemi wucewa a ciki. To, yaya halin wanda ya toshe wa mutane abin da tun farko bai taɓa zama nasa ba?

Uzurin manomi

Adalci ne mu saurari wanda ake zargi. Manomin da ya tura kunya ɗaya cikin hanya ba ya ganin kansa ɓarawo. Zai ce: iyali sun yi yawa, gona ta ƙanƙance, ƙasa ta gaji. Kuma akwai gaskiya a maganarsa. Ƙidayar shekarar 1988 ta sami mutanen Nijar miliyan 7 da ƴan kai. Ta shekarar 2012 ta same su miliyan 17 da ƴan kai, jihar Maraɗi kaɗai ta zarce miliyan 3. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ko fiye suke rabo. Dajin da ake sassabewa a da ya ƙare a wurare da yawa, barin gona ta huta ya zama labari. Wanda rumbunsa ke ƙarewa tun kafin ruwan shuka, idan ya dubi faɗin hanya sai ya ga kamar ƙasa ce ake ɓarna.

Muna tausaya masa, amma muna roƙonsa ya yi lissafi tare da mu. Hanya mai kamu 7, idan na dama ya ci kamu ɗaya, na hagu ya ga haka shi ma ya ci ɗaya, bana saura 5, baɗi saura 3, shekara ta uku saura kamu ɗaya, wanda ko jaki da kaya ba ya wucewa. Ba wanda ya yi niyyar kashe hanya, kowa kaɗan ya ɗauka, amma ga ta ta mutu. Me ya samu? Layin hatsi ɗaya ko biyu a bakin hanya, inda dama ƙafa da bakin bisa ba sa barin shuka ta yi kirki. Me aka rasa? Ranar da naƙuda ta tsananta wa wata mata cikin dare a tsakiyar damina, aka ɗaura amalanke za a kai ta gidan likita, sai a tarar ba wurin wucewa, a yi zagaye mai nisa. Wataƙila matar nan ƴarsa ce ko matar ɗansa. Ranar da aka ɗauko gawa, ranar da gobara ta tashi, ranar da shi kansa zai kwaso dammunansa zuwa gida, duk wannan hanya zai nema.

Ya kai ɗan'uwa manomi, zaluncin da aka yi wa mutum guda yana da magani: ka je ka same shi, ka biya shi ko ya yafe maka. Wanda ya ci hanya kuwa ya ci haƙƙin duk wanda ya bi ta da wanda zai bi ta, baƙo da ɗan gari, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, har da dabbobi. Ina zai tara su ya nemi gafara? Wannan shi ya sa cin kayan jama'a ya fi wuyar tuba, ko da ya fi sauƙin aikatawa.

Haƙƙin gona a kan matafiyi

Kada mai tafiya ya ji wannan ya ɗauka shi ba a bin sa kome. Amana tana da fuska biyu. Kamar yadda hanya take da haƙƙi a kan mai gona, haka gona take da haƙƙi a kan mai hanya. Wanda ya ga laka ko ruwa ya kwanta, ya ratse cikin shuka don kada takalminsa ya ɓaci, ya fara wata turba a cikin dukiyar wani, domin na bayansa sawunsa zai bi. Wanda ya miƙa hannu ya tsinki wake ko ya tumɓuke gujiya yana cewa ai kaɗan ne, ya tuna mutum ɗari ne ke wucewa a yini. Makiyayin da ya saki bisashe suka faɗa gona alhali ga burtali a buɗe, ya ci amana kuma biyan ɓarna ya hau kansa. Mai babur da ya shigo turba da gudu, ya tayar wa tsofaffi ƙura, ya kora mata da yara cikin ƙaya, ya sani su ya tarar a kanta.

Hadisin Abu Sa'idil Hudri (R.A.) da ke cikin Buhari da Muslim ya lissafa abin da hanya take bin wanda ya zauna a bakinta: runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Runtse ido yana da muhimmanci na musamman a turbar karkara, inda mace ko yarinya take tafiya ita kaɗai tsakanin dogayen hatsi. Garin da matansa ba sa iya bin hanyarsa cikin natsuwa, mazansa su binciki kansu. Muslim kuma ya ruwaito hani ga yin bayan gida a kan hanyar mutane ko a inuwar da suke hutawa, domin yana jawo wa mai yi tsinuwa. A zamaninmu sai mu haɗa da zubar da leda da fasassun kwalabe, waɗanda ke kashe awaki suna yanke ƙafar yara.

A ɗaya gefen, an sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, an kuma ba mu labarin mutumin da Allah ya gafarta masa saboda reshen ƙaya da ya janye daga hanya. Mu dubi girman rahama: aikin da ba ya bukatar dala ɗaya, ba ya bukatar ilmi mai zurfi, talaka da mai kuɗi duk suna iyawa.

Inda sakaci yake kaiwa

Wanda yake ganin mun tsawaita a kan ƙaramin abu, ya tuna da Toda. A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 1991, a yankin Gidan Rumji, lokacin da babban taron ƙasa yake zaune a Yamai, rikici tsakanin manoma da makiyaya ya kai ga kashe mutum fiye da 100, mafi yawansu mata da yara na Fulani. Masu sallah ɗaya, masu alƙibla ɗaya. Irin wannan wuta ba ta kamawa a yini guda. Tana farawa ne daga burtalin da aka matse, da gonar da aka yi wa ɓarna ba a biya ba, da ƙarar da aka kai ba a yi adalci ba, har zukata su cika. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Bayan haka hukuma ta fitar da dokar tsarin karkara ranar 2 ga watan Maris 1993, wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye, daga baya aka kai su har ƙauyuka. A shekarar 2010 aka ƙara da dokar kiwo, wadda ta ƙarfafa cewa burtali da makiyaya dukiyar jama'a ce, ba a nome ta, ba a sayar da ita. A wurare da dama an kafa turakun siminti don nuna iyaka. Wannan duk alheri ne, kuma wajibi ne Musulmi ya girmama shi, domin ya dace da abin da Shari'a ta riga ta tabbatar. Sai dai turke ba ya tsare kansa. Ba jandarma a kowace kunya, ba alƙali a gindin kowane gawo. Mutumin da ke riƙe da hauya a bakin hanya da sassafe, ba mai ganinsa sai Ubangijinsa. A nan ake gane wanda ya san ma'anar ihsani, wato bauta wa Allah da yaƙinin cewa yana ganinka. Sahun gaba a masallaci idon mutane yana taimakonsa. Bakin turba kuwa sai abin da ke cikin zuciya.

Tafiyar da ke raya hanya

Mun ce turba tana mutuwa idan aka bar bin ta. To, mu sani abin da ke mutuwa tare da ita ya fi ta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana zuwa Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa, kuma Ƙuba a wancan zamani ƙauye ce a gefen Madina, tazarar kamar kilomita 3. Lokacin da Banu Salima suka so su taso su dawo kusa da masallaci saboda nisa, ya umurce su su zauna inda suke, ya sanar da su cewa ana rubuta musu sawunsu. Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya fita ziyarar ɗan'uwansa a wata alƙarya, ba don wata bukata ba sai ƙauna saboda Allah, aka tsayar masa da mala'ika a kan hanya ya yi masa bushara da ƙaunar Allah.

Ba muna hana hawa mota ko babur ba, ni'ima ce daga Allah, kuma waya ta sauƙaƙa gaisuwa. Amma da yawa daga mazauna birni asalinsu waɗannan ƙauyuka ne, suna da gwaggo ko kawu ko tsohon malami a tazarar sa'a biyu, shekara tana zagayowa ba su taka ba. Mai tafiya a ƙasa yana ganin abin da mai gudu ba ya gani: gonar da ba a nome ba saboda mai ita yana kwance, rijiyar da ta rufta, gidan da hayaƙi bai tashi ba. Yana yin sallama a amsa masa, yana tambaya a ba shi labari. Ta haka ake sanin inda zakka da sadaka suka fi cancanta. Kuma a kan turba alhaji da almajiri ƙura ɗaya suke sha, ƙaya ɗaya take sukarsu, wannan kuwa magani ne ga girman kai, wanda Alƙur'ani ya hana a cikin tafiya a suratul Isra'i da suratu Luƙman.

Abin da muke kira gare shi

Amsar tambayarmu ta fito: turba ba ta da mai ita guda domin ta kowa ce, kuma abin da yake na kowa, kowa za a tambaya a kansa gwargwadon ikonsa. Saboda haka muna kira ga limamai su yi wa jama'a wannan tunatarwa kafin ruwan shuka, domin bayan hatsi ya tsiro cire shi yana jawo faɗa. Muna kira ga masu gari da hakimai su fita da dattawan manoma da shugabannin makiyaya da ƴan kwamitin filaye, su taka hanyoyin garinsu tare, da ƙafa, a gaban kowa, a tabbatar da iyaka, a dasa aguwa ko gamba kamar yadda iyaye suke yi. Kada a karɓi kome daga hannun kowa don a kau da kai, domin wanda ya sayar da hanya ya sayar da abin da ba nasa ba. Wanda ya san kunyarsa ta shiga hanya, ya janye ta bana da kansa tun ba a kira shi ba, Allah zai musanya masa da abin da ya fi. Samari su ɗauki rana su sare ƙayar da ta rufe wuri, su cike inda ruwa ya zaizaye, su bar itatuwan inuwa a tsaye. Wanda gidansa ko garkarsa ke bakin hanya ya ajiye randa da moɗa, domin shayar da mai ƙishirwa yana cikin mafifitan sadaka.

Muna roƙon Allah ya tsare ƙafafunmu daga taka haƙƙin wani, ya tsare hannuwanmu daga cin abin jama'a, ya sanya albarka a gonakinmu da bisashenmu, ya haɗa kan manoma da makiyaya, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Ya jiƙan magabatanmu da suka taka mana hanya, ya tabbatar da dugaduganmu ranar ƙetare siraɗi. Amin.